Zauren Masu Karatu: babban kai da sanyin fuska a sassaƙar Yarbawa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da warhaka. Tun da muka sa hoton kan tagullan nan na garin Ife, can ƙasar Yarbawa a Nijeriya, a fitowar da ta wuce saƙonni ke ta shigowa ta WhatsApp, wasu ma a bakin Kasuwar Dole suka tare ni da tambaya baki da baki, har da wani dattijo da ya riƙe min hannu yana cewa wai da gaske baƙar fata ne ya yi wannan? Toh na zaɓo guda huɗu da na ga sun ɗauke yawancin abin da kuke son sani.

Ta farko daga wani ɗalibin jami'armu ta nan Damagaram, mazaunin unguwar Birni:

"Malam barka da aiki. Ni dai abin ya ɗaure min kai. Kan Ife ɗin da kuka sa kamar mutum zai buɗe baki ya yi magana, har kumatu da leɓe da layin wuya. Amma da na duba intanet sai na ga sauran sassaƙar Yarbawa ta itace duk kai ƙato, idanu sun firfito, ƙafafu gajeru. Wani abokina yace ai na tagullan Turawa ne suka yi ko suka koya musu, na itacen kuma shi ne iyakar iyawarsu. Haka ne Malam?"

Ɗana, ka gaida abokin naka, kace masa maganar da ya yi ta girmi kakansa kuma tuni aka binne ta. Wani Bajamushe ne mai suna Liyo Forobeniyus ya fara ta, ya je Ife a 1910 aka nuna masa irin waɗannan kawuna, ya ga kyansu ya kasa haɗiye cewa mutanen da ke tsaye gabansa kakanninsu ne suka yi, sai ya ƙago labarin wai wata tsohuwar al'umma ce mai alaƙa da Girkawa da teku ya cinye ta bar su. A 1938 kuma ana haƙan tushen gida a wata unguwa da ake kira Wunmonije, kusa da fadar Oni sarkin Ife, sai ga kawunan ƙarfe fiye da 10 a ƙasa, ɗaya daga cikinsu shi ne yau ke gidan tarihin Birtaniya a Landan. Da masana suka yi bincike sai aka tabbatar aikin na tsakanin ƙarni na 12 zuwa na 15 ne, kaga kenan tun kafin jirgin Bature na farko ya iso gaɓar tekun yankin ana zuba tagulla a Ife. Wanda bai zo ba ta yaya zai koyar?

Kuma dabarar da suka yi aikin da ita ba baƙuwa bace a wajenmu mu ƴan Nijar, ita ce dai maƙeran Abzinawa ke yin kurwar Agadas da ita, wato abin wuyan nan na azurfa mai siffar gicciye, da irin tamu ta Damagaram. Za'a fara gina siffar da yumɓu, a shafe ta da kakin zuma kauri kaɗan, a kan kakin nan ne gwani zai zauna ya fitar da komai, fatar ido, ramin hanci, kunne, zanen fuska layi bayan layi. Sannan a sake lulluɓe shi da yumɓu a bar ƴar ƙofa, a bari ya bushe, a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, gurbin da ya bari a ɗura masa narkakken ƙarfe. In ya huce sai an fasa yumɓun kafin a ga abin da aka samu, shi yasa babu guda biyu iri ɗaya, kuma in hannu ya kuskure toh aikin watanni ya tafi. Wasu daga cikin na Ife ma kusan zallan jan ƙarfe ne, wanda duk maƙeri zai gaya maka ya fi wuyar zubawa don yana saurin daskarewa yana kuma yin kumfa. Ƙarfen ta hanyar fatauci ya dinga isa gare su daga nesa, kuma in ana maganar fataucin jan ƙarfe a wancan zamani ƙasarmu na ciki, Ibn Battuta ya sauka Takadda can wajen Ingal a 1353 ya rubuta yadda ake narka shi sanda-sanda ana kaiwa Gobir da Barno. Mu kanmu nan garin ai a zamanin Sarki Tanimun har igwa aka zuba.

Yanzu mu zo kan maganar ƙaton kai, don nan ne zancen yake. Ka lura da abu ɗaya, mutanen Ife ɗin da suka iya fitar da fuska kamar mai rai, idan suka yi mutum cikakke daga kai har ƙafa, irin siffar sarkin da aka tono a 1957, sai ka ga kan ya cinye wajen kashi 1 cikin 4 na tsawon jikin, alhali kan mutum na gaskiya bai wuce kashi 1 cikin 7 ko 8 ba. Wanda ya san awon leɓe da fatar ido har haka ba zai jahilci awon kai ba, da gangan ya yi. Bayarabe yana kiran kai ori, kuma a tunaninsu na gargajiya kai iri biyu ne, akwai na waje wanda ake wa aski ana sa wa hula, akwai ori inu wato kan ciki, wanda shi ne mazaunin rabon mutum da halinsa da abin da zai zama. Har addu'a suke yi kada kan ciki ya ɓata na waje. Toh mai sassaƙa yana ba kowace gaɓa girma ne gwargwadon matsayinta, kamar yadda a zaman fada ba tsawon mutum ake dubawa a ba shi wurin zama ba. Kai ne babba sai aka ba shi babban rabo, idanu kuma aka buɗe su sosai don ta nan abin da ke ciki ke leƙowa. Mu ma ai muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

Suna da wata magana gajera, iwa lewa, ma'ana hali shi ne kyau. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya ji irinta a bakin kakarsa ranar da ake zancen neman aure. Daga nan ne sauran ƙa'idojin suka fito, kuma ba wai masana ne suka zauna a ofis suka tsara su ba, wani Ba'amurke Robat Faris Tomson ya yi yawo garuruwan Yarbawa a farkon shekarun 1960 yana ajiye sassaƙa gaban mutane, manoma da sarakai da ƴan kasuwa da su masassaƙan, yana ce musu wanne ya fi kuma don me, sai ya tarar kalmomi ɗaya suke ta maimaitawa. Suna son jijora, wato ya yi kama da mutum amma kamar ta tsaya tsaka-tsaki, kada ya zama wane ɗan wane da kurajensa da giɓinsa, kada kuma ya ɓace har a kasa gane mutum ne. Suna son a ga komai sarai, kitso ya fito, tsaga ta fito. Suna son sheƙi da santsi, da tsayuwa miƙe. Suna son a nuna mutum yana kan ganiyarsa, ko tsohon sarki ne ba za ka ga tamoji ko furfura ba. Sannan uwa uba tutu, sanyi, fuskar da ba ta dariya ba ta fushi, baki a rufe, ko da kuwa mahayin doki ne riƙe da mashi zai shiga yaƙi.

Wannan na ƙarshen shi ya fi kama ni wallahi. Ka tuna fuskar Mai Martaba ranar hawan salla idan an fito daga fada, ga kakaki ga algaita ga bindiga na tashi ga dawaki na zabura ga guɗa, shi kuwa amawali ya rufe baki, ido a natse kamar ba a kansa ake yi ba. Abin da muke kira natsuwa da kamun kai kenan, kuma shi masassaƙin Bayarabe yake farauta da gizagonsa. Ranar da na fara tsayawa gaban irin kawunan nan a gidan tarihin Ife na daɗe ban motsa ba, layukan da suka sauko daga goshi zuwa haɓa sirara ne ƙwarai kuma suna bin tudu da kwarin fuskar ba wanda ya hau wani, sai da na tuno tsofaffinmu masu tsagar Barebari. Masana sun kasu kan layukan, wasu sun ce tsaga ce wasu sun ce inuwar igiyoyin duwatsun ado ne da ke sauka daga kambun sarki su rufe masa fuska. Akwai kuma ƴan ƙananan huji jere a gefen baki da goshi inda ake ɗaura wani abu a kai.

Na itacen ma kar ka raina su ɗana. Nemi sunan Olowe na garin Ise, wanda ya rasu a 1938, sarakunan ƙasar Ekiti har rige-rigen ɗaukarsa aiki suke. Ya yi wa sarkin Ikere ginshiƙan baranda, a ɗaya sarki na zaune kan karaga da kambu mai tsuntsu a bisa, uwargidansa na tsaye a bayansa ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, hannunta kan karagar, duk daga gungume ɗaya. Wanda ya san al'adar ya gane saƙon, mulkin na sarki ne amma ƙarfin iyaye mata ne ke tallafe da shi. Wannan ginshiƙin yana Shikago yanzu. Ƙyauren ƙofar da ya yi wa fadar kuma aka ara aka kai baje koli Landan a 1924, Turawa suka ga mutanen jikin ƙyauren sun ɓullo waje kamar za su sauko ƙasa, suka nemi saye sarki ya ƙi, daga baya aka yi musaya da kujerar sarauta ƙirar Ingila. Ƙyauren bai dawo ba har yau, kuma wannan abu yana min ciwo duk lokacin da na tuna.

Ta biyu daga wani mai walda a Sabongari:

"Mushe ina gaisuwa. Ni aikina walda, ƙofofi da tagogi da gadaje, amma in aiki ya yi sauƙi nakan haɗa guntayen ƙarfe in yi raƙumi ko zakara, yara na ta kallo. Tambayata ita ce, wannan abin da kuke faɗa ai na mutanen da ne. Ƴan zamani da suka yi lakwal ba kwaikwayon Turawa kawai suke ba? Akwai wanda ke cin abinci da shi yanzu?"

Ƙanena sannu da ƙoƙari, kuma don Allah ka turo hoton raƙumin nan in gani. Akwai masu kwaikwayo kam, ko'ina akwai su, akwai ma masu sassaƙa na tasha da bakin otal da ke shafa wa sabon itace baƙin mai da toka don ya yi kamar tsoho a sayar wa baƙo, waɗannan ba su nake nufi ba. Amma zaren bai tsinke ba, kuma zan nuna maka inda ya bi.

A 1947 wasu limaman Katolika, cikinsu akwai Fada Kebin Karol, suka buɗe wurin aikin hannu a garin Oye Ekiti suka tara masassaƙan gargajiya. Babban gwanin wurin shi ne Bamidele, ɗan shahararren masassaƙi Areogun na Osi Ilorin, a hannunsa kuma wani saurayi Musulmi ɗan garin Ila Orangun ya yi zaman koyo, sunansa Lamidi Fakeye, wanda shi ma gidansu gidan sassaƙa ne kaka da kakanni. Wannan Lamidi shi ya ɗauko salon ya shigar da shi zamani, ya yi ƙofofi da ginshiƙai na manyan gine-ginen gwamnati da jami'o'i, aikinsa ya kai har Washinton, daga 1978 ya koyar a jami'ar Ife, a 1987 ya gama siffar Oduduwa kakan Yarbawa mai tsawon wajen mita 4 da ke jami'ar. Ya rasu a 2009, ƴan uwansa da ɗalibansa na nan suna yi. In ka ga aikinsa za ka ga ƙaton kan nan da buɗaɗɗen ido da tsayuwa miƙe suna nan daram, sai dai ya ƙara gogewa da yawan ado.

A Oshogbo kuma wata hanyar aka bi. Wata ƴar Ostiriya, Suzan Wenga, ta zauna garin ta shiga al'adarsu har ta mutu a can a 2009, ita da wasu ƴan gari suka tayar da wuraren bautar gargajiya da suka ruguje a kurmin da ke bakin kogin Oshun. Babban abokin aikinta Adebisi Akanji magini ne, birkila, da siminti da rodi ya dinga tayar da siffofi masu tsawon gida suna murɗewa kamar saiwar itace. UNESCO ta sa kurmin cikin kayan tarihin duniya a 2005. A garin dai an yi Asiru Olatunde, ɗan gidan maƙera, shi kuma farantan sanholo ya dinga bugawa ta baya da ƴar guduma har mutane da dabbobi su taso. Kaga birkila, kaga maƙeri, ba wanda ya fara da digiri a cikinsu. Su ƴan digirin ma a 1989 wasu da suka yi karatu a Ife, irin su Moyo Okediji da Kunle Filani da Tola Wewe, suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Ona, kalmar Yarbanci ce ta ado da gwanintar hannu, manufarsu a koma a tono zane da tunanin gida a yi aikin yau da su.

Amma wanda nake so ka riƙe sunansa da kyau shi ne Romuwal Hazume, Bayaraben Jamhuriyar Benin, haifaffen Portonobo a 1962. Kasan bidon esansi, baƙar jarkar nan da ake shigo mana da mai cikinta ta iyaka ana ɗurawa a kwalabe a bakin titi? A ƙasarsu ma haka ake yi, samari na ɗaure bido goma sha kan moto guda suna gudu da ransu a hannu. Shi sai ya ɗauki tsohon bido ya yanke saman, ya juya shi, marikin ya zama hanci, bakin da ake ɗura mai ya zama baki a buɗe, ya ƙara masa ɗan kitso na igiya ko tsintsiya ko waya, sai ga fuska tana kallonka. Bai sassaƙa komai ba amma duk wanda ya san fuskokin Gelede na yankin Ketu, waɗanda ake ɗorawa a ka don girmama iyaye mata, ya san daga ina idonsa ya fito. Ya taɓa jera irin bidon nan 304 a ƙasa a siffar jirgin ruwan bayi, kowane bido mutum guda, kwance kafaɗa da kafaɗa, gidan tarihin Birtaniya ya saye aikin, ya kuma baje shi a 2007. Ni a ganina wannan ya fi mai kwafar tsohon gunki riƙo da gado, don tunanin ya ɗauko, cewa kai shi ne mutum, ya zuba shi cikin wahalar mutanensa ta yau.

Haka Peju Alatise, mace ƴar Legas da ta karanci zanen gine-gine, a 2017 lokacin da Nijeriya ta fara buɗe rumfarta a babban baje kolin Benis na Italiya ta kai ƴan mata 8 masu girman mutum, baƙaƙe wuluk, da fukafukai a baya, sun yi da'ira tsuntsaye na shawagi a kansu. Labarin yarinya ƴar aikatau ce da ke bauta a gidan masu kuɗi da rana, da dare a mafarki ta tashi sama. Mu da ke ganin yara ƴan mata na barin ƙauyukanmu zuwa aikatau a birane ba sai an fassara mana ba. Fuskokin yaran a natse suke, ba kuka ba yage baki, wannan sanyin dai na kakanni, kuma shi ya sa abin ya fi shiga rai.

Akwai Yinka Shonibare da aka haifa a Landan a 1962 ya tashi a Legas, shi mutanensa ba su da kai sam, sai tufafin manyan Turawan zamanin da amma ɗinkin atamfa. Yakan danganta abin da masu sarautar da aka fille wa kai a juyin juya halin Faransa, amma ni duk lokacin da na gani sai in ce ɗan Yarbawa ne fa ya cire kai, ya san abin da ya cire. Sai kuma naka na kusa, Dotun Popoola, wanda ya yi karatu a Ife, walda yake kamar kai, da sarƙar moto da filogi da bakin injin da cokula yake tayar da dawaki da kawunan mutane ya fesa musu launi, kuma da wannan sana'ar yake ci yake yawon duniya. Tasirin ma bai tsaya kan Yarbawa ba, Ben Enwonwu Inyamuri ne amma shi ya zuba siffar Shango, abin bautar Yarbawa na aradu, ta tagulla da ke Marina a Legas a 1964, a Barazil da Kuba kuma jikokin bayin da aka kwasa har yau suna aiki da siffofin nan.

Shawarata gare ka, kada ka ce sai ka yi irin na Popoola. Kafin ka kunna injin ka tambayi kanka, a jikin raƙumi mene ne raƙumi? In wuyan ne da yadda yake ɗaga kai yana kallon nesa toh nan za ka ba girma, sauran ka taƙaita. Tambayar da masassaƙan can ke yi kenan kafin su sa gizago.

Ta uku gajera ce, daga wata ƴar uwa a Zango:

"Malam maƙwabciyata Bayarabiya ce mai shago, ta taɓa ba ni labarin kakarta na da ɗan mutum-mutumi da take wa wanka tana sa masa riga wai na tagwaye. Mene ne shi?"

Ƴar uwa, sunansa ere ibeji. Yarbawa na cikin al'ummun da suka fi kowa haihuwar tagwaye a duniya, wanda ya fara fitowa Taiwo na biyu Kehinde, mai bi musu Idowu, kamar dai Hasan da Husaini da Gambo a wajenmu. A al'adarsu ta da in ɗaya ya rasu sai a sa a sassaƙa ɗan ƙarami da bai wuce taƙi ɗaya da ɗan ƙari ba, uwar ta dinga yi masa abin da take wa mai rai, wanka, shafa jan garin itace a jiki, shuni a kitso, wuri da tsakiya a wuya. Abin lura ko jariri ne ya rasu ba a siffar jariri ake yinsa ba, sai a yi shi cikakken mutum a ganiyarsa, abin da uwar ta so ta gani bata gani ba. Na taɓa riƙe wani tsoho a hannuna, hanci da baki duk sun shafe sun yi sumul saboda shekarun da aka yi ana wanke shi ana shafa shi, sai da idona ya kawo ruwa. Yawancin Yarbawan yau Musulmi ne ko Kirista sun bar wannan, kamar yadda maƙwabciyar taki ta ce kakarta ce mai yi.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya a Garin Malam, kuma na san da yawa ita suke jira:

"Malam ni tsoro nake ji. Ɗana shekararsa 12, kullum yana bakin tabki yana gina shanu da dawaki da mutane da laka, har ya fara yin fuskar kakansa kuma wallahi tana kama. Babansa ya zane shi sau biyu bai bari ba. Ga ku kuma kuna yabon masu gumaka a jarida. Ba haramun bane?"

Hajiya Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. Tambayarki a kan hanya take kuma ba zan kewaye ta ba. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin siffar abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta shi ne siffar mai rai, mutum ko dabba, wadda take da jiki har tana yin inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, an yi rangwame ga ƴar tsanar yara mata saboda hadisin Nana A'isha, itace da fure da gini da zane irin na bango kuwa babu laifi. Hukuncin abin da yaronki ke yi dalla-dalla ki tafi da shi da abin da ya gina wurin malamin da kuka yarda da shi, fatawa tasu ce.

Abin da muke yi a wannan shafi kuma sanin maƙwabci ne. Yarbawa muna tare da su a kasuwa da sahun masallaci shekara da shekaru, tsakaninsu da Gobirawa ma har wasa akwai, sanin yadda kakanninsu suka kalli ɗan Adam ba bauta wa abin da suka bauta wa bane. Ƙasarmu ma akwai irin wannan tarihi a binne, a 1975 aka gano kayan yumɓun Bura can wajen Tera, da kawuna da mahayin doki, Bube Gado ya jagoranci tono su a 1983, ana nazarinsu ana koyar da su a matsayin tarihi.

Amma don Allah ki roƙi babansa ya ajiye bulalar. Yaron da ya kalli fuskar kakansa ya riƙe ta a ka har ya fitar da ita da laka Allah ya ba shi ido da hannu, kuma wannan kyauta ce da ba kowa ke samu ba, Yarbawa na kiranta oju ona, idon gwaninta. Duka ba ya cire ta, sai dai ya koya masa ɓoyewa. Garin nan kuwa cike yake da inda ake buƙatar irin idon ba tare da an je kusa da abin da kike tsoro ba. Ki sa a zaga da shi cikin Birni da yamma lokacin da rana ta karkata, ya ga zanen da magina suka tayar a fuskar tsofaffin gidaje da zankwayen da ke bisa, yadda inuwa ke faɗawa cikin kowane layi, masu iya wannan aikin sun fara ƙarewa kuma siminti na cinye gidajen ɗaya bayan ɗaya. Akwai dukawa, akwai maƙeran farfaru, akwai masu ginin tukwane a Mirriya, in kuma karatu ya yi nisa akwai zanen gine-gine. Hutun lakwal mai zuwa ki nemi wani tsohon magini a unguwa ki damƙa masa shi ko na sati biyu ne, ki ga abin da zai dawo da shi, sannan ki rubuto mana.